Kafin a Tafi da Sista Marsalina

Litinin, 2 ga Maris

Saura kwana ashirin da tara in ajiye alli. Ba ni ke ƙirgawa ba, Kochurani ce. Kullum da safe sai ta shigo ɗakin malamai tana ɗaga yatsu kamar mai gwanjon kifi a bakin ruwa. Yau na ce mata, "Ke malamar tarihi, ina ruwanki da lissafi?" Ta ce, "Na ƙagu ne ki tafi in gaji kujerarki ta bakin taga." Shekara ashirin da shida muna teburi ɗaya da matar nan, ban taɓa cin abincin rana babu hannunta a kwanona ba.

Shekara talatin da biyu ina koyarwa. In an haɗa da shidan da na yi ina ɗaliba, talatin da takwas ke nan a cikin katangar nan. Ni Ramlath, 'yar Nabisa mai tufkar igiya, Musulma ɗaya tal a cikin malaman makarantar sistocin coci. Yau da na shigo ƙofa sai na tsaya ina kallon ginin kamar baƙuwa. Ashe fentin ya koɗe haka.

Laraba, 4 ga Maris

An yi wa 'yan aji goma ban kwana kafin su shiga jarrabawar gwamnati. Duk sun aro sarin iyayensu mata, dogon zanen nan da ake naɗawa har kafaɗa, suna tafiya suna harɗewa kamar agwagi. Ɗaya ta taka gefen nata a kan matakala, saura kaɗan ya warware gaba ɗaya, ƙawaye biyar suka kewaye ta suna gyarawa suna dariya suna kuka.

Kowace ta kunna kyandir daga na shugabar makaranta, Sista Jyothi. Ni ina can baya inda na saba tsayawa in ana addu'arsu. Ba wanda ya taɓa ce min matso, ba wanda ya taɓa ce min fita.

Na sa hannu a littafin tunawa ya fi sittin. Abu ɗaya nake rubuta wa kowa tun fil azal: ki duba aikinki sau biyu. Wata mai suna Bindu ta ce, "Malama, haka kika rubuta wa mamata." Na ce, "To ta duba?" Ta ce, "Ai da ta duba da ba ta auri babana ba." Yaran zamani.

Jyothi ta yi jawabi mai kyau, in faɗi gaskiya. Ni na koya mata lissafin rabawa a aji takwas, tana kuka da majina.

Juma'a, 6 ga Maris

Kochurani ce ta faɗa min, muna cin rogo da miyar kifi. Wai ranar ɗaya ga Afrilu, kashegarin rufe makaranta, za a tafi da Sista Marsalina gidan tsofaffin sistoci da ke kan tudu. Tafiyar awa huɗu a mota. Wai nan ba za a iya da ita ba kuma, sau biyu ana tsintar ta a bakin ƙofa da lema tana cewa za ta neman yara.

Na ce, "Allah ya sawwaƙe." Na ci gaba da cin abincina. Kochurani ta zuba min ido har sai da na ce mata lafiya.

Bari in rubuta shi sau ɗaya, tunda ba mai karantawa. Shekara bakwai da suka wuce kujerar shugabar makaranta ta faɗi. Ni ce na fi kowa daɗewa. Sista Marsalina ce babbar gidan sistoci a lokacin, maganarta ita ce magana. Da bakinta ta ce min a bayan ɗakin ɗinki, "Ramlath, haƙƙinki ne." Aka shiga taro. Wadda ta kai musu shayi ta faɗa min daga baya cewa da aka ambaci sunana, aka ce kujerar ta 'yar ƙungiyar sistoci ce, Sista ta sunkuyar da kai tana jan carbinta. Uffan ba ta ce ba. Aka ba Jyothi.

Ban yi faɗa da kowa ba. Ina kwana Sista, lafiya lau, in wuce. Tun da ta faɗi a banɗaki shekara biyu ke nan, kanta ya fara rikicewa, ban taka gidan sistoci ba. Daga ɗakin malamai taku arba'in ne.

Maigidana, Baban Shahina, ya ce, "Ki je ki gaida tsohuwar nan." Na ce ban ce ba zan je ba.

Litinin, 9 ga Maris

Zafi. Fanka ɗaya ce ke juyawa a zauren jarrabawa, ita ma da ƙyar.

Alhamis, 12 ga Maris

Tsaron jarrabawa awa biyu da rabi, ba abin yi sai zagaye da tunani. Yara tamanin sun duƙufa, ba ka jin komai sai ƙarar takarda da hankaki a kan mangwaro.

Na tuna ranar da Sista Marsalina ta fara zuwa gidanmu. Ina shekara goma, Baba bai daɗe da rasuwa ba, Inna ta cire ni daga firamare ina juya mata keken tufkar igiyar kwakwa. Sai ga kwalekwale ya tsaya a bakin rafinmu, wata doguwar mata cikin farare ta sauko da baƙar lema, tana ɗage riga kada taɓo ya ɓata. Maƙwabta duk sun fito kallo. Malamin firamare ne ya ba ta labarina.

Sau uku ta zo. Ta zauna a tabarmarmu ta sha baƙin shayi ba sukari, ba ta yamutsa fuska ba. A na uku Inna ta fito mata fili, ta ce, "Ku fa na san ku. Za ku mai da min ita Kirista." Sista ta ce, "Nabisa, ranar da ta dawo miki da gicciye a wuya, ki zo ki fige min lulluɓi a tsakiyar kasuwa." Inna ta yi dariya, dariyarta ta farko tun rasuwar Baba.

Satina na farko ta kama hannuna ta kai ni ɗakin ajiyar kayan ɗinki, ta ɗauko kamfas mai nuna gabas da yamma daga kabad ɗin labarin ƙasa, ta juya ta juya, ta ja layi da alli a ƙasa. Ta ce, "Nan ne alƙiblarku. Ki yi azahar kafin ki ci abinci, zan tambaye ki." Kuma tana tambaya. Har yau a ɗakin nake salla.

Duk na san wannan. Ba mantawa na yi ba. Shi ya sa ma abin ya fi zafi.

Asabar, 14 ga Maris

'Yan aji takwas suna koyon wata waƙa a bayan ɗakin kimiyya. Da sun hango ni sai su yi tsit, su kama kallon sama. Ni ma sai in yi kamar kurma. Sunana ya fito sau uku a amshin, kuma sun ja shi yadda ba haka ake faɗa ba.

Jyothi ta aiko a kira ni ofis. Da na shiga ta miƙe tsaye. Shekara bakwai kullum sai ta miƙe, kuma wannan ya fi ƙona min rai da a ce ta zauna ta ɗora ƙafa. Ta ce taron ban kwanana ranar talatin ga wata ne, in shirya jawabi. Na ce to. Har na juya ta ce, "Malama, Sista Marsalina fa... ko za ki ɗan leƙa ta?" Na ce, "In na samu sarari, Sista, takardu sun yi min yawa." Ta ce to, a hankali.

Takardun ba su kai haka ba.

Talata, 17 ga Maris

A jirgin ruwa, zuwa makaranta da dawowa, ina ta tsara abin da zan ce wa Sista Marsalina. Ba faɗa zan yi ba. Tambaya ɗaya ce: me ya sa kika yi shiru? Da kin yi magana an ƙi, wallahi da tuni ya wuce.

Alhamis, 19 ga Maris

Idin Yusufu mai tsarki. An rufe azuzuwa, an shimfiɗa ganyen ayaba tun daga bakin coci har filin wasa, an ciyar da gari. Masu kwalekwale, masu dako, matan masaƙar igiya, ba a tambayar kowa addininsa. Babu nama saboda azuminsu, amma kunun shinkafa da madarar kwakwa ya yi daɗi bana. Varkey mai ƙararrawa ya sha kofi huɗu, ya ce na biyar na waliyyi ne. Aikina na kowace shekara shi ne zuba yajin mangwaro, don wai ni ce ba na son kai wajen rabo.

Ina cikin zubawa na ɗaga kai. An turo Sista Marsalina a keke zuwa barandar gidan sistoci don ta ga jama'a. Na ɗauka wata ce. Matar da ke sunkuyawa kafin ta shiga ƙofar ajinmu ta koma kamar ƙullin wanki. Tana ɗaga wa kowa hannu.

Na koma bayan tukunya na kama goge abin da ba ya buƙatar gogewa. Kochurani ta zo ta tsaya a kaina. "Matsoraciya. Kina tsorata yara ɗari takwas, tsohuwa ɗaya ta kore ki bayan tukunya." Na ce ta kama gabanta. Ta ce, "Saura kwana goma sha uku a tafi da ita. Wannan lissafin ma ni zan yi miki?"

Juma'a, 20 ga Maris

Na je.

Bayan an tashi, da na idar da la'asar. Sista Anila, yarinyar da ke jinyarta, ita ta buɗe min. Ba ta nuna mamaki ba, Allah ya saka mata. Ɗakin na ƙarshe ne, taga na kallon rijiya. Warin man zafi da sabulun wanki. Tana zaune a gado an jingina ta da filo biyu, babu lulluɓi. Ban taɓa ganin gashinta ba. Fari fat, an rage shi kamar na yaro. Na kau da kai kamar na shigo mata tana wanka.

Na ce, "Sista, ina wuni."

Ta daɗe tana kallona. Sai fuskarta ta washe, ta ce, "Nabisa! Kin zo da kanki? Da kin bari ai gobe zan sake zuwa."

Sista Anila ta buɗe baki za ta gyara mata, na yi mata alama ta bari. Ban san dalili ba. Kowa na cewa da na tsufa na koma Inna sak.

Ta kama hannuna da hannu biyu. Ƙarfin yana nan. Ta ce, "Zauna ki ji. Na san igiya ce abincinku, na san ba ki da mataimaki. Amma yarinyar nan tana da kai. Na ba ta lissafin 'yan aji bakwai ta yi shi a ƙasa da tsinke. Kada ki binne ta a cikin ɓawon kwakwa."

Na ce, "To, Sista."

"Ba to ba. Ki ce kin yarda. Kwalekwalen ni zan yi magana da mai shi. Riga akwai ta wata da ta gama, zan rage mata da hannuna." Ta matso da bakinta kamar mai faɗin asiri. "Ki rubuta ki ajiye, Nabisa. Wata rana 'yarki ce za ta riƙe makarantar nan."

Ban san lokacin da na zare hannuna ba. Na miƙe na je taga. Wasu ɗalibai 'yan kwana suna jan ruwa a rijiya suna watsa wa juna. Tambayar tana nan a bakina, na kwana uku ina gyara ta. Wa zan yi wa? Matar da ta yi shiru a taron nan ba ta cikin ɗakin. Wadda ke ciki ba ta kai wurin ba tukuna, tana can shekara arba'in da shida baya, a kan tabarmarmu.

Ta ce daga bayana, "Kin yi fushi ne? Ko na yi miki shisshigi?"

Na dawo na zauna. Na ce, "Na yarda, Sista. Ranar Litinin za ta zo."

Ta yi alamar gicciye, ta ce wa Anila a kawo wa baƙuwa shayi, kada a sa sukari, ba su saba ba. Haka na sha shi.

Na rasa jirgin ƙarfe biyar. Na zauna a matsaya ina jiran na shida, mai sayar da gyaɗa yana ta tambayata ko ƙura ce ta shiga min ido.

Lahadi, 22 ga Maris

Na ba Baban Shahina labari. Ya tashi ya dafa min shayi da kansa. Ya zuba gishiri a maimakon sukari, amma dai.

Laraba, 25 ga Maris

Na koma, da soyayyar ayaba a takarda, don da can tana so.

Yau ina shiga ta ce, "Ramlath, kin yi furfura." Ita ce, da idon nan nata da ke hango mai satar amsa daga ƙarshen zaure. Na ce a raina yau ko ba yau ba. Na fara, "Sista, shekara bakwai da suka wuce..."

Ta katse ni. "Wa ke shugabanci yanzu? Ke ce ko?"

Da na ce e, da ta yarda, ta ji daɗi, ba wanda zai sani. Na ce, "A'a. Jyothi ce."

"Jyothi? Jyothin da ba ta iya rabawa ba?"

Ban san inda dariyar ta fito ba. Na yi ta yi har da riƙe ciki, ita ma ta kama, bakinta ba haƙori, ayaba na zubowa. Muna cikin haka na waiga, ashe Jyothi na tsaye a bakin ƙofa da kofin magani. Kunya kamar in nutse. Ta ce, "Har yau ban iya ba, Sista. Akawu ke yi min." Tsohuwa ta ce, "To ki riƙa tambayar Ramlath." Daga nan idon ya sake tafiya, ta fara tambayar ko an rufe kaji.

Jyothi ta rako ni har bakin rijiya. Ta ce, "Malama, na san ba ni ya kamata ba. Na faɗa musu a lokacin, aka ce min na yi alkawarin biyayya. Ita ma Sista Marsalina ranar taron ta shiga coci ba ta fito cin abinci ba. Ban ce hakan ya wanke mu ba. Shekara bakwai ban iya zama in kin shigo."

Na ce, "Lulluɓinki ya karkace." Na gyara mata.

Juma'a, 27 ga Maris

Na gama gyaran takardun aji tara. Na ƙarshe ke nan har abada. Yarinya ɗaya ta samu talatin da huɗu, ana neman talatin da biyar. Na sake dubawa sau uku har na gano inda ta yi hanya daidai ta ɓata a amsa. Da bara ne da ban nema ba.

Asabar, 28 ga Maris

Ranar wankin tebura. An fito da su duka bakin rijiya, yara na dirza da yashi da ɓawon kwakwa, kamar yadda muka yi a zamaninmu. Rabin ruwan a jikinsu ya ƙare. 'Yan kwana sun baje katifu a rana, akwatuna a buɗe, ana ta cigiyar takalmi ƙafa ɗaya. Wata uwa ta zo daga nesa da kwandon mangwaro ta ajiye a ɗakin malamai ba ta faɗi sunanta ba.

Sistoci sun fito da tsintsiya, har da Jyothi ta naɗe hannun riga. Fada ya zo wucewa aka miƙa masa bokiti, ya karɓa.

Litinin, 30 ga Maris

Taron. Ban zaci jama'a haka ba. Tsofaffin ɗalibai sun cika baya: wata nas da ta zo hutu daga ƙasashen Larabawa, wata mai yanka tikiti a bas, wata da ta zo da jikarta. Wasu na gane su da tafiya kafin fuska. Limamin unguwarmu ya zauna kusa da Fada, suna ta hirar ciwon gwiwa.

Aka yi waƙar. Sunana dai ba su gyara ba.

Kochurani ta yi magana a madadin malamai. Ta ce shekara ashirin da shida tana cin abincina, yanzu ba ta san inda za ta sa kanta ba, a taimaka a ɗauko wata malamar da ta iya miyar kifi. Aka yi dariya, ita kuwa ta zauna ba ta ƙarasa ba.

Na rubuta jawabi shafi biyu, na bar shi a jaka. Na ce musu wata mata ta taɓa shiga kwalekwale sau uku saboda 'yar mai tufkar igiya, kuma tana nan taku arba'in daga inda muke, jibi za ta tafi, duk wadda ta taɓa zama a ajinta ta je ta gaishe ta ko da ba za ta gane ta ba. Ban yi niyyar faɗa ba. Bayan taro layi ya kai har bakin rijiya. Anila ta ce kowa sai da ta tambaye ta ko ta ci abinci.

An yafa min mayafi mai bakin zinariya, an ba ni agogon bango. Me zan yi da agogo yanzu?

Talata, 31 ga Maris

Na sa hannu a rajista, ƙarfe tara saura kwata kamar kullum. Ƙarfe huɗu Varkey ya buga doguwar ƙararrawa, yara suka fashe da ihu suka kwasa a guje, jakunkuna a sama. Cikin minti goma fili ya zama wayam, sai takardu da ƙwallon mangwaro.

Na goge allo duk da ba komai a kai. Kochurani ba ta koma kujerar taga ba, ta ce sai an dawo hutu, yanzu da zafinta.

Sabo ake yi wa kuka, in ji Inna.

Laraba, 1 ga Afrilu

Lemata na manta a ɗakin malamai, ita na je ɗauka. Haka na faɗa wa Baban Shahina, ya ce, "To, a gaida lemar."

Na tarar da mota a ƙofar gidan sistoci, an sa akwatinta, ɗan ƙarami na ƙarfe. Shekara sittin a cikin ƙungiya, kayanta ke nan. Sistoci sun jeru, Varkey na gefe yana share ido da gefen zaninsa. Ita kuwa ta riƙe ginshiƙin baranda ta ƙi saki. Tana cewa ba a tashi ba, ba za ta bar yara su kaɗai ba, su wane ne waɗannan da za su sa ta a mota. Jyothi ta roƙa, Anila ta roƙa. Direba na ta duba agogo.

Na matsa na ce, "Sista, an yi hutu. Yara duk sun tafi gida, ni na rufe azuzuwan." Ban san wa ta ɗauke ni ba yau. Ta ce, "Kin duba bayan ɗakin kimiyya? Nan suke ɓuya." Na ce na duba. Ta saki ginshiƙin ta kama hannuna. A bakin mota ta tsaya. "Ke ma za ki?"

Na dubi Jyothi, Jyothi ta dube ni. Na ce, "Za ni."

Na aiki Varkey ya faɗa a gida. Daga ni sai lema. Da muka fara hawan tudu kwane-kwane suka tayar mata da zuciya, ta yi amai a jikin sarina, ta ba ni haƙuri kamar ƙaramar yarinya, sannan ta yi barci a kafaɗata har muka isa. Kafaɗar ta mutu, ban motsa ba. Anila ta tsayar da direba a wani masallacin gefen hanya ba tare da na tambaya ba.

Gidan yana da tsabta, akwai sanyi, gonar shayi ta kewaye shi. An ba ta gado kusa da wata tsohuwa mai yawan waƙa. Da za mu tafi tana barci. Gara haka.

Asabar, 25 ga Afrilu

Na daɗe ban rubuta ba. Ba abin rubutawa. Na wanke labulaye, na sake wankewa.

Yau na dawo daga tudu. Zuwa na uku ke nan. Ba ta san ni ba sam, ta kira ni da sunan wata ƙanwarta da ta rasu tun suna yara. Na amsa. Na yanke mata farce, na shafa mata man kwakwa a ƙafa, sun bushe da sanyin can. Ta ci rabin ayaba. Tsohuwar gadon kusa ta koya min wata waƙar coci, na ce mata ni Musulma ce, ta ce ba komai, ki riƙa yin amshi kawai.

Jyothi ta ba ni rigar sanyi in kai mata, ta kuma ce in na dawo in biya ofis mu sha shayi. Wataƙila ranar Talata. In na samu sarari.

Baban Shahina ya ce ko dai ya nema min ɗaki a can ne. Na ce likita ne ya ce iskar tudu na da amfani ga mai ciwon gwiwa. Ya ce, "Wane likitan?"

Bas ɗin ƙarfe shida ya fi na bakwai, ba cunkoso, kuma ana isa kafin a ba su abincin rana. In zauna ta hagu, rana ba ta duka.